Tausar Bisa Zane

Kwanan baya 'yan matan makarantar koyon aikin lafiya da aka turo asibitin garinmu suka biyo ta gidana shan ruwa, suka tarar ina matsa wa wata tsohuwa gwiwa. Ɗaya daga cikinsu, wata doguwa mai gilashi, ta tsaya tana kallo, can ta ce wa ƙawarta, tana zaton kunnena ya mutu, "Wannan ai ko a waya sai ki koya cikin minti goma." Ban tanka mata ba, don baƙuwa ce, kuma ruwana take sha. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in mori ɗan yaƙi-da-jahilcin da na yi, in rubuta wannan. Ku 'yan minti goma, ku matso ku ji.

Sunana Uwale. Ina zaune a wani ƙauye gabas da Minjibir, inda in ka yi tari a gonarka sai maƙwabcinka ya ce maka sannu daga tasa. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina tausa. A hannun ƙanwar mahaifina na koya, Gwaggo Dije, mace marar fara'a, mai hannu kamar auduga.

Aikin farko da Gwaggo ta ba ni ba a jikin mutum ba ne. Dunƙulen fura ta ɗauko, ta cusa ƙwayar wake guda a ciki, ta ɗaure mini ido da ɗankwali, ta ce in gaya mata inda waken yake ba tare da na lotsa furar ba. In na lotsa, sai in ji ludayi a bayan hannuna. Wata uku muna wannan, daga wake ta koma ƙwayar dawa. Da na fara samu, sai ta ce to, yanzu na isa in riƙe ƙafa. Shekara biyu ƙafa kawai nake riƙewa, ita tana can sama tana aikin baya da ciki, ni ina ƙasa ina fama da faso da kaushin mutane. Har na yi aure ba ta taɓa ce mini na iya ba. Abin da ya fi kama da yabo a bakinta shi ne ranar da ta ce, "Yau ba ki ɓata ba."

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba. Tabarma, tsumma mai tsabta, kaskon garwashi na ɗumama hannu, reza ta yanke farce, sai mai. Man kaɗanya na tsofaffi ne masu sanyin ƙashi, man gyaɗa na masu jego, man shanu na jarirai. Ba zobe, ba awarwaro. Ba a taɓa mutum da hannu mai sanyi, ko da kuwa a tsakiyar bazara ne, don jiki in ya ji sanyi ɗaurewa yake yi, ya ɓoye maka abin da kake nema. Ba ma taɓa karaya ko targaɗe, wannan na mai ɗori ne. Maza kuma matansu muke koya wa, su je su ƙarata.

Masu kirana yawanci mata ne da aiki ya cinye. Mai jego da ta kwana uku bayanta bai miƙe ba. Wadda ta wuni tana sussuka har kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Tsohuwar da ba abin da ke damunta sai rashin mai taɓa ta, ita ma ciwo ne, kuma na yi jinyarsa da yawa. Sai masu ciwon ciki, waɗanda ake cewa iska ta shige su, ciki ya kumbura, zuciya tana tashi. Su akwai irin tausar da muke musu, muna ce mata ɗaga ciki. Za ki sa gindin tafin hannu a ƙasan cibiya, ki tura sama a hankali har ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu, sai kin ji mutum ya yi gyatsa. Na yi wannan ya fi a ƙirga, kuma ana samun sauƙi.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ya kamata ku sani. Mutum uku ba a buɗe musu jiki a wajen tausa: budurwa, mai takaba, da surukarki. Su a bisa zane ake musu, ba mai, ba kallo. Kunya ce ta kawo haka. Gwaggo ba ta son wannan al'ada, takan ce aikin makafi ne, amma ita ma haka ta yi har ta koma ga Allah, ni ma haka na gada.

Aikin da zan ba ku labari na yi shi ne shekara goma sha biyar da suka wuce, ana gab da yankan gero. Sunayen da zan faɗa ba na gaskiya ba ne. Uwar ta rasu, 'yar kuma tana can wani gari mai nisa da 'ya'yanta.

Lami maƙwabciyata ce, katangar kara ce tsakaninmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Rakiya, yarinya mai hankali da na yi wa tausar jarirai da hannuna. An sa ranar aurenta bayan kaka, da wani yaro ɗan gidan masu shanu na unguwar gabas, kuma kowa ya san suna son juna. Sai aka wayi gari Lami ta ce za su birni wajen yayanta sayen kayan ɗaki. Suka yi kwana goma sha biyu suka dawo, ba kayan ɗaki, Rakiya kuma ba ta ƙara leƙowa waje ba.

Da hantsi Lami ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Uwale, ki taimaka ki duba mini 'yarki. Tun da muka dawo zuciyarta ke tashi, ko koko ba ya zama."

Na ce, "Kun je asibiti?"

Ta ce, "An ba ta magani a birni."

Kun ji amsar. Ba ta yi ƙarya ba, ni ce ban ƙara tambaya ba. Na shiga na tarar da yarinya kwance a tabarma da ɗaurin ƙirji, ta rame, leɓe ya bushe, ga kwano a gefe. Na taɓa goshi, ba zazzaɓi sosai. Na ce, "Rakiya, ina ke miki ciwo?" Ta dubi uwarta, sannan ta ce, "Zuciyata ce kawai, Inna." Na ce wa Lami ta ɗora mini ruwan ɗumi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza hannu, ta ce, "Ki dai bi ta a hankali." Duk uwa haka take cewa. Na ce ta je, ba yau na fara ba.

Na ɗumama hannu, na ɗora bisa zane. Turawar farko, yarinya ta runtse ido. Ta biyu, ta cije leɓe, ba ta ko yi nishi ba. Na ji cikin ya yi tauri ta dama, na ce a raina ga inda iskar ta taru. Ta uku na ƙara nauyi, na tura har ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Sai na ji wani abu ya saki a ƙarƙashin tafina, kamar in ka ja tsohon ɗinki. Ɗumi ya biyo. Na ɗaga hannu na ga zane ya jiƙe da jini da wani ruwa rawaya-rawaya.

Ban tsaya neman izini ba, na yaye zanen. Yanka ne, tsawonsa ya kai taƙi, a kwance ƙarƙashin haƙarƙari, rabinsa ya buɗe. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Lami ta shigo da ruwa, ta saki kwanon a ƙasa.

Na ce, "Lami, mene ne wannan?"

Ta ce, "Aiki aka yi mata. Tsakuwa ce a maɗaciya, suka cire maɗaciyar gaba ɗaya. Na ga bakin ya kame, na zaci ya warke."

Duk macen da ta taɓa gyaran kaza ta san maɗaciya, 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda in ta fashe nama ya ɓaci. Ita aka cire wa Rakiya. Ba abin kunya ba ne. Amma ku da kuka tashi a birni ba za ku gane ba. A nan, in aka ce an yanka budurwa an cire mata wani abu a ciki, kafin labari ya kai bakin rijiya ya zama mahaifa aka cire. Ba wanda zai tsaya bambanta maɗaciya da mahaifa. Lami ta san haka, shi ya sa ta ɓoye, ta kuma gargaɗi yarinya kada ta kuskura ta faɗa wa kowa. So take a ɗaura aure tukuna, in ya so miji ya ga tabo daga baya.

A-kori-kurar wani mai kai gyaɗa kasuwa muka samu. Ni na zauna a baya da kan Rakiya a cinyata, na danne wurin da tsumma tun daga ƙauye har birni. Da likita ya duba, ya ɗago ya ce, "Wa ya danna mata ciki?" Na ce ni ce. Ya yi mini faɗan da ko Gwaggo ba ta taɓa yi mini ba, a gaban mutane, yaron da na girme wa uwarsa. Ban ce masa ban sani ba. Mai tausar da ta taɓa ciki ba ta san abin da ke ƙarƙashin zane ba, rashin sanin ma laifinta ne. Suka koma da ita ɗakin tiyata a ranar.

Bayan aiki na biyu ne na ga abin da ake ce wa amai. Maganin barcin da suke sa wa mutum in za su yanka shi, shi ke tayar da zuciya in ya farka, ga kuma cikin da aka taɓa sau biyu. Ba abin da ke cikinta, amma yunƙuri bai tsaya ba. Duk yunƙuri ɗaya sai ta dafe wurin tana hawaye, mu kuma ranmu ya tashi, don an ce mana in ɗinkin nan ya sake saki ba su da tabbas. Sun yi mata allurar amai, ya lafa na ɗan lokaci, ya dawo.

Akwai wata babbar nas a ɗakin, ana ce mata Sista, mace mai jiki, ba ta da yawan magana. Washegari da safe ta ga ina zaune na sa hannuwana tsakanin cinyoyi. Ta ce, "Ke ce mai tausar?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Taso. Ciki namu ne, ki bar mana shi. Hannu da ƙafa naki ne."

Na ce, "Sista, ni na gama taɓa yarinyar nan."

Ta ce, "Ba ki gama ba. Mu uku ne a kan gado talatin, ba mai lokacin zama da ita. Taso."

Ta kama hannun Rakiya ta juya shi, ta auna yatsa uku daga wuyan hannu, ta nuna mini wani ɗan kwari tsakanin jijiyoyi biyu. Ta ce in sa babban yatsa a nan, in danna ina juyawa a hankali, in yi ta yi, sannan in koma ɗaya hannun. Daga nan in sauka ƙafa, tafin da yatsu, ba ƙarfi. Na ciro man kaɗanyata, ta ce in mayar, warinsa kaɗai ya isa ya tayar mata da zuciya. Ta ba ni basilin marar ƙamshi. Ta ce, "Ba zai maye gurbin allura ba. Amma in jiki ya saki, zuciya takan kwanta."

Na zauna a ƙarshen gadon, na koma inda na fara a hannun Gwaggo, riƙon ƙafa. Na fara da wuyan hannu, na dawo ƙafa, na sake komawa. Kafin azahar numfashinta ya daidaita, yunƙurin ya fara nisa da juna. Da la'asar ta karɓi ruwa cokali uku, ya zauna. Ban san ko allura ce ta ci ba, ko hannu, ko duka biyun, ban kuma damu in sani ba. Kwana tara ina wannan aiki, safe da yamma da duk lokacin da ta ce zuciya ta fara. Har matan sauran gadaje suka riƙa miƙo mini ƙafa.

A rana ta huɗu 'yan dubiya suka zo daga ƙauye, mota guda, har da uwar angon, Hajiya Ladi. Suka kewaye gado ana sannu-sannu. Ina riƙe da ƙafar Rakiya. Hajiya Ladi ta ce, "Wai Lami me ya sami yarinyar nan haka farat ɗaya?"

Lami ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ciwon ciki ne, aka yi mata tausa, cikin ya fashe. Sai da aka yi mata aiki."

Hajiya ta ce, "Subhanallahi! Ba a dai taɓa mahaifa ba ko?"

"Wallahi ba a taɓa ba."

Ku duba maganar nan da kyau, ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Aikin farko kawai ta tsallake. Ido ya dawo kaina gaba ɗaya. Hajiya Ladi ta ce, "Kuma ita ce har yanzu take taɓa ta?" Na buɗe baki. Sai na ji yatsun ƙafar Rakiya sun danƙe a cikin hannuna. Na rufe bakina.

Da suka tafi, Lami ta fita wanke kwano, yarinyar ta ce, "Inna Uwale, ki yafe mini. Na so in gaya miki, Inna ce ta hana." Na ce ba komai. Ta ce, "Don Allah kada ki faɗa. In Hajiya ta ji an ɓoye mata aiki, ko an rantse da Alƙur'ani ba za ta yarda ba mahaifa ba ce. Ni kuma ina son sa." Yarinya ce da ɗinki biyu a ciki, ɗaya ni na jawo mata. Na ce ta kwantar da hankalinta, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Kafin in dawo gida labari ya riga ni: Uwale ta fasa wa budurwa ciki da hannu. Wai hannu ya fasa ciki kamar kabewa, amma ba wanda ya tsaya ya tambaya. An yi haihuwa bakwai a unguwarmu a wannan rani, ba a kira ni ko ɗaya ba. Daga garin Kunci suka riƙa ɗauko wata mai tausa a babur. Tsofaffin da nake matsa wa gwiwa tun ina amarya suka koma shafa man zafi. In na shiga gidan suna, uwa sai ta ja jaririnta ta goya. Wata ta ce ai da ma hannun ya yi nauyi, wata ta ce tsufa ne, wata ta ce ba banza ba. Man kaɗanyata ya daskare a gwangwani har ya yi tsami na zubar. Na koma yin ƙuli-ƙuli, ni da ba a bari in taɓa taɓarya don kada hannuna ya yi kanta. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na fi jin zafin Lami, da muke gaisawa ta kan katanga kullum safiya kamar ba abin da ya faru.

Aikin ya dawo daga baya, amma rabi, kuma ta wata ƙofa. Wani da aka yi wa matarsa aikin ƙari a birni ya ji labarin riƙon ƙafa daga wata mai jinya, ya zo ya ɗauke ni. Daga ita sai wata, yawanci daga ƙauyukan da ba su san ni ba. Yanzu kusan rabin aikina na waɗanda aka sallamo daga asibiti ne, masu tashin zuciya bayan tiyata. Ba na kusantar ciki. In na ga zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, sai in ce a mayar da ita inda aka yi aikin, yau ba gobe ba. Kuma na daina tausar bisa zane. Budurwa ce, mai takaba ce, surukar sarki ce, sai na gani da idona. An ce ba ni da kunya, na ce na ji.

An ɗaura auren Rakiya bayan shekara guda. Ba a gayyace ni ba, na ji guɗa daga tsakar gidana. Shekara ta zagayo ta haifi ɗa namiji. Ana gobe suna Lami ta shigo rabon goro, ta zagayo ta ƙofa, ba ta kan katanga ba. Ta durƙusa ta ajiye goro biyu a bakin tabarmata ta ce, "Uwale, an samu ƙaruwa."

Shekara biyu ina jiran wannan rana. Na ce, "Lami, yanzu fa ta haihu. Duniya ta ga mahaifarta lafiya lau, ba abin da zai taɓa aurenta. Ki gaya musu yadda aka yi. Ko mutum biyu ki gaya wa a bakin rijiya, sauran za su ji."

Ta dubi ƙasa tana jan zaren tabarma, ta ce, "In na faɗa, Uwale, sai a ce shekara biyu ina yi wa surukai ƙarya. Da wane ido zan shiga gidan? Ke kuma kin riga kin saba."

Ta miƙe ta gyara mayafi, sauran gidaje na jiranta.

Na ce, "Allah ya raya."